Yadda Ake Amfani da Littafin Jagora a Raba Tagwayen Taurari da Ƙaramar Na'ura

Akwai taurarin da ido ke gani ɗigo guda, amma da zarar an ɗora musu na'urar hangen nesa sai su tsage gida biyu, wani lokaci uku ko huɗu. Su ne tagwayen taurari. Wasu tagwaye ne na gaske, ƙarfin jan juna ya ɗaure su suna ta kewaya juna. Wasu kuwa layi kawai suka haɗa daga inda muke kallo, ɗaya na kusa, ɗayan can nesa, ba abin da ya gama su. William Herschel ya fara tattara su a 1779, kuma a 1803 ya nuna cewa tagwaye irin na Castor sun sauya matsayi ta yadda ba abin da zai bayyana hakan sai kewaye.

Ga mai ƙaramar na'ura, da wuya a samu abin kallo mai sauƙin kai kamar su. Fitilun gari ba sa hana ganin masu haskensu, farin wata ma haka, kuma na'ura mai faɗin baki milimita 60 zuwa 130 ta isa a yi shekaru ana aiki. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne ya buɗe littafi ya zaɓi tauraro don sunansa, ya raba dare yana murɗe-murɗe, alhali lambobin da ke gaban sunan sun riga sun gaya masa na'urarsa ba za ta iya ba. Don haka aikin daga kan takarda yake farawa.

Mataki na ɗaya: san abin da ke hannunka

Littattafan wannan fanni iri biyu ne. Akwai na jeri, wanda ke kawo taurari layi-layi da lambobinsu da ɗan bayanin launi, kamar na Sissy Haas da ya fito a 2006 ɗauke da tagwaye sama da 2,100. Akwai kuma na taswira, kamar wanda James Mullaney da Wil Tirion suka fitar a Kambirij a 2009, inda aka yi wa tagwayen alama a kan taswirar sama. Idan na'urarka ba mai neman tauraro da kanta ba ce, taswira ta fi jeri muhimmanci, domin jeri zai gaya maka abin yana nan amma ba zai kai ka wurinsa ba. Manhajar Stellarium, wadda kyauta ce, tana iya maye gurbin taswirar.

Dukansu daga rijiya guda suke ɗiba: babban kundin da ake kira WDS, wanda cibiyar nazarin taurari ta rundunar sojan ruwan Amurka ke kula da shi, mai ɗauke da tagwaye fiye da dubu ɗari. Shafin Stelle Doppie yana ba da damar bincika shi cikin sauƙi. Duk lokacin da littafi da ido suka saɓa, can ake komawa.

Mataki na biyu: karanta layin

Ga layin tauraron Almach, wato Gamma Andromedae, kusan yadda za ka same shi a yawancin littattafai:

STF 205, 02h 04m, +42° 20′, 2.3 da 5.0, 9.6″, 63°

STF 205 lambar wanda ya auna shi ce. STF, ko alamar Σ, na nufin Friedrich Georg Wilhelm Struve, wanda ya yi aiki a Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a Estoniya, ya kuma fitar da jerin tagwaye sama da 3,000 a 1827. Wannan alama tana da amfanin da mutane ba su cika lura da shi ba. Yawancin masu STF suna rabuwa a matsakaiciyar na'ura. Amma in ka ga STT, na ɗansa Otto, ko BU, na Sherburne Burnham, to ka shirya, galibinsu matsattsu ne ko kuma ɗayan ya dushe ƙwarai, tunda su ragowar da manya suka tsallake suka bi suna tsinta.

Lambobi biyu na gaba adireshinsa ne a sama. Na farko ya yi daidai da layin gabas da yamma, ana ƙirga shi da awa. Na biyu nisansa ne arewa ko kudu da tsakiyar sama, da digiri.

Sai 2.3 da 5.0, matakin hasken kowannensu. Ma'aunin nan a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai haske. Kowane mataki guda bambancin haske ne kusan sau biyu da rabi, matakai biyar kuma sau ɗari cif. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin biyu. In ba ta kai 1 ba, tagwayen kusan kai ɗaya ne. In ta wuce 3, babban zai fara danne ƙaramin.

9.6″ ita ce tazarar da ke tsakanin taurarin biyu a sama, littattafai kan rubuta Sep a saman layinta. Ana auna ta da sakan na kusurwa. Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya sakan 60, kuma faɗin cikakken wata wajen sakan 1,800 ne. Ka ga ke nan 9.6 ƙaramin abu ne sosai, amma a wannan fanni fili ne mai faɗi.

63° kuma, wadda ake rubuta wa PA, tana nuna ta wane gefen babban ƙaramin yake. Daga arewa ake fara ƙirga: arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Ƙaramin Almach yana arewa maso gabas, ya fi karkata gabas.

Akwai lamba ta ƙarshe da littafin kirki ba ya barinta: shekarar da aka yi awon. Za mu dawo kanta.

Mataki na uku: lissafi biyu kafin a fita

Na farko, iyakar na'urarka. Raba 116 da faɗin bakinta a milimita. Abin da ya fito shi ne mafi ƙanƙantar tazarar da za ta iya nunawa, kuma ana kiran sa iyakar Dawes, da sunan William Rutter Dawes na Ingila da ya gano ta ta hanyar gwaji a ƙarni na 19. Mai milimita 60 tana tsayawa a 1.9″, mai 80 a wajen 1.5″, mai 100 a 1.2″, mai 130 a 0.9″, mai 200 a 0.6″.

Kada lambar nan ta rufe maka ido. Dawes ya yi maganar taurari biyu ne masu haske iri ɗaya, wajen mataki na 6, a dare mai nutsuwa, kuma a daidai iyakar ba baƙin fili ake gani tsakaninsu ba, ɗan dushewa ne kawai. Shawara mai kyau ga mai farawa ita ce ya ninka lambar sau biyu ya ɗauke ta a matsayin iyakarsa. In kuma bambancin hasken ya kai matakai uku ko huɗu, ya ninka sau uku ko fiye.

Na biyu, ƙarfin ƙara girma. Raba tsawon fokas na na'urar, wanda ke rubuce a jikinta, da lambar da ke jikin gilashin ido, wato ɗan gilashin da ake leƙawa ta cikinsa. Na'ura mai tsawon fokas milimita 900 da gilashin ido na 25 tana ba da sau 36, da na 10 sau 90, in ka ƙara gilashin Barlow mai ninkawa biyu sau 180. Don sanin ƙarfin da tagwaye ke bukata, raba 240 da tazararsu. Almach: 240 a raba da 9.6, sau 25 ke nan. Wannan shi ne mafi ƙarancin da ido zai fara rarrabewa, kallon ya fi daɗi in an ninka shi. Ta sama kuma akwai rufi: kada ka wuce ninki biyu na faɗin bakin. Mai milimita 80 ta tsaya a sau 160. Abin da ake rubutawa a jikin kwali, wai sau 500 ko 600 a ƙaramar na'ura, tallar 'yan kasuwa ce.

Mataki na huɗu: shirya na'ura da zaɓen lokaci

Fitar da na'urar waje aƙalla minti 30 kafin ka fara, mai madubi babba kuma har awa guda. Muddin gilashi ko madubi ya fi iskar waje ɗumi, iskar cikin bututun za ta yi ta motsi, tauraro ya yi ta tafasa. Kada ka kalla ta taga, ko a buɗe take, kuma ka guji saita na'ura ta saman rufin gini ko kwalta da suka sha rana, don suna fitar da zafi har tsakar dare.

Daren da taurari ke ƙyaftawa da ƙarfi, wanda ido ke cewa ya yi kyau, shi ne mafi muni ga wannan aiki. Ƙyaftawar nan alamar iskar sama ce tana birkicewa. Daren da taurari suka tsaya cak, ko da akwai ɗan hazo-hazo, shi ne naka. Ka jira tauraron ya ɗaga aƙalla digiri 30 daga ƙasa, kuma ya fi kyau a lokacin da ya kai ƙololuwar tafiyarsa, inda haskensa ke ratsa iska mafi ƙaranci.

Ƙara ɗaure ƙafafun mazaunin, kada ka zare su har ƙarshe. Ƙwanƙwasa bututun kaɗan: in rawar ta wuce sakan uku ba ta tsaya ba, rataya wani abu mai nauyi a tsakiyar ƙafafun. Sannan ka daidaita ƙaramar na'urar saiti da babbar tun da sauran haske, a kan wani abu mai nisa.

Mataki na biyar: nemo shi, ka hau a hankali

Fara da gilashin ido mafi ƙarancin ƙarfi. Kawo tauraron tsakiya, gyara fokas, ka duba. Sannan ka sauya zuwa na gaba, ka sake kawo shi tsakiya, ka sake gyara fokas. Mai tsalle kai tsaye zuwa sau 150 yakan ɓatar da tauraron, don a wannan ƙarfi minti ɗaya ko biyu ya ishe shi ya fice daga fili.

Yanzu ka san abin da ya kamata ka gani. A babban ƙarfi tauraro ba ɗigo ba ne. Ɗan faifai ne zagayayye, kewaye da zobe siriri ɗaya ko biyu. Wannan ba jikin tauraron ba ne, halin haske ne in ya ratsa zagayayyen baki, kuma George Airy ya yi bayanin lissafinsa a 1835. Gwargwadon faɗin bakin na'ura, gwargwadon ƙanƙantar faifan, shi ya sa babba ke raba abin da ƙarama ta kasa. In ba ka ga faifan da zobensa ba, ko dai fokas bai zauna ba, ko iska ba ta nutsu ba, ko na'urar ba ta huce ba.

Tagwaye matsattsu suna bayyana hawa-hawa. Akwai wanda za ka gani zagayayye, ba alamar komai. Akwai wanda ya ɗan miƙe. Akwai wanda ya miƙe har ya yi ƙugu a tsakiya kamar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu. Sai wanda baƙin zare ya ratsa tsakani, wannan shi ne rabuwa. Duk huɗun sakamako ne da ya cancanci rubutawa.

Ka zauna a kan kujera, kada ka taɓa na'urar, ka ba tauraro guda minti biyar zuwa goma. Iska takan lafa na sakan ɗaya ko biyu, hoton ya fito tar, sannan ya sake dagulewa. A waɗannan 'yan lokuta ake yin rabuwar. Mai leƙawa ya wuce ba ya cin karo da su.

Mataki na shida: tabbatar da gefen

Nan ne PA ke aiki. Bar na'urar a tsaye, in tana da injin bin taurari ka kashe shi. Gefen da tauraron ya bi ya fita shi ne yamma, kowace irin na'ura ce. Don gano arewa, tura bakin na'urar kaɗan wajen tauraron arewa: gefen da sababbin taurari ke shigowa shi ne arewa. A na'ura mai madubi irin ta Newton, lambobin PA suna hawa ne saɓanin tafiyar hannun agogo. A na'ura mai gilashi da aka sa wa madubin kwana a baya kuwa hoton a birkice yake hagu da dama, sai su bi tafiyar agogo.

Ga dabarar da ƙwararru ke bi don kada ido ya yaudare su: kada ka duba PA kafin ka kalla. Zana abin da ka gani, sa alamar yamma, ƙiyasta kusurwar, sannan ka buɗe littafi. In ka zo cikin digiri 10 zuwa 20 na abin da aka rubuta, ka gan shi da gaske. Wanda ya san inda ƙaramin yake tun farko, ido kan ƙirƙira masa shi.

Da waɗanne za a fara

Mizar, na tsakiyar wutsiyar taurari bakwai na arewa, shi ne makarantar kowa. Ido kaɗai na ganin Alcor a gefensa, wajen minti 12. Na'ura kuma na raba Mizar kansa gida biyu, 2.2 da 3.9, tazara 14.4″, a sau 30 ma ya fito. Benedetto Castelli, abokin Galileo, ya gan shi haka tun 1617. Daga Maris zuwa Yuni ya fi kyau da farkon dare, tare da Cor Caroli mai 19″ da Algieba mai 4.7″, wanda dukan biyunsa ruwan zinariya ne.

Daga Yuli zuwa Oktoba akwai Albireo, 3.1 da 5.1, tazara wajen 35″, ɗaya ruwan zinariya ɗaya shuɗi. Masana na muhawara har yanzu ko tagwaye ne na gaske ko haɗuwar layi ce, amma wannan bai rage masa kyau ba. Kusa da Vega kuma akwai Epsilon Lyrae, wanda ake gwada na'ura da shi. Ƙaramin ƙarfi na nuna taurari biyu, tazara wajen 208″. Ka hau zuwa sau 100 ko 120, kowannensu ya sake tsagewa biyu, tazara wajen 2.3″, kuma layin wannan biyun ya gitta na wancan. Mai milimita 80 mai kyau tana yi a dare mai nutsuwa.

Ƙarshen shekara na Almach ne da Mesarthim, fararen tagwaye kai ɗaya masu 7.4″ da Robert Hooke ya ci karo da su a 1664 yana bin tauraro mai wutsiya. Farkon shekara kuma Castor, da taurari huɗun da ke tsakiyar gajimaren Orion, wato hazon haske da ke cikin ƙungiyar taurarin Orion. Wanda ke ganin sararin kudu ya ƙara da Acrux mai 4″ da Alpha Centauri.

Game da launi: kada ka damu in abin da ka gani ya saɓa wa littafi. Ido kan ƙara wa ƙaramin tauraro launin da ke kishiyar na babban, shi ya sa ake yawan kiran abokin Antares kore. Kawar da fokas kaɗan, launin zai fi fitowa.

Masu babba da ƙarami

A nan iyakar Dawes ba ta da ta cewa. Rigel yana da aboki a tazarar 9.5″, kusan daidai da ta Almach, amma babban ya fi shi haske sama da sau 400, sai ƙaramin ya nutse cikin ƙyallinsa. Ana bukatar sau 100 ko fiye da iska mai nutsuwa. Dabarar da ke taimakawa ita ce a kalle shi da magariba kafin duhu ya gama sauka, ko a daren farin wata, lokacin da ƙyallin babban bai cika ido ba. Tauraron arewa, Polaris, ya fi sauƙi: abokinsa na wajen mataki na 9 yana nesa da 18″, ga shi kuma ba ya gudu daga fili.

Izar, 2.9″, yana da wata matsalar daban. A na'ura mai milimita 60 zuwa 80 ƙaramin kan faɗa kusa da zoben farko na babban, sai ya zama kamar ƙulli a jikin zoben. Ka lura da wurin da zoben ya yi kauri kuma bai motsa ba. A na'urar Newton kuma, sandunan da ke riƙe ƙaramin madubi suna fitar da tsinken haske huɗu. In abokin ya ɓuya a ƙarƙashin ɗaya, juya bututun kaɗan cikin zobban da ke riƙe da shi.

Sirius, wato Shi'ira, a bar shi sai an ƙware. Bambancin haskensa da abokinsa kusan sau 10,000 ne, kuma Alvan Graham Clark da ya fara ganinsa a 1862 da gilashi mai inci 18 da rabi ya gan shi.

Shekarar awo

Tagwayen gaske suna motsi, littafi kuwa ba ya motsi. Porrima, a ƙungiyar taurarin Virgo, na kammala kewaye cikin shekara 169. A 2005 tazararsa ta sauka ƙasa da rabin sakan, ƙananan na'urori suka daina raba shi. Yanzu ta haura 3″, mai milimita 80 na raba shi. Castor bai kai 2″ ba a ƙarshen shekarun 1960, yau ya wuce 5″. Alpha Centauri na kai-komo tsakanin wajen 2″ da 22″ cikin shekara 80. Abokin Sirius, mai kewayen shekara 50, ya kai mafi nisansa, wajen 11″, a farkon shekarun 2020, yanzu yana komawa ciki har zuwa 2044. Saboda haka duk tagwayen da littafi ya ba su adadin shekarun kewaye ƙasa da 200, nemi sabon awo a WDS kafin ka yanke hukunci a kan na'urarka ko idonka.

In abin ya ƙi

In kowane tauraro ya fito da wutsiya gefe guda ko a tsakiyar fili, madubai sun goce. Kawar da fokas kaɗan a kan tauraro mai haske: zobban ya kamata su zama a cikin juna daidai, in sun taru gefe guda sai an daidaita madubin. In tauraro ya miƙe a tsaye ta wannan gefen fokas, ya miƙe a kwance ta wancan, juya kanka ko gilashin idon. In miƙewar ta bi kanka, daga idonka ne, sai ka kalla da tabaranka. In hoton ya fara kyau sannan ya dushe da hazo kewaye da taurari, raɓa ce ta sauka a gilashi. Kada ka goge, busa mata iska mai ɗan ɗumi, gaba kuma ka naɗa wa bakin na'urar kwali ya zarce shi da kamar ninki ɗaya da rabi na faɗinsa. In kuwa ka ga ɗan ɗigo kusa da tauraro mai haske wanda ke gudu saɓanin tauraron duk lokacin da ka motsa na'ura, inuwar haske ce a cikin gilashin ido, ba aboki ba.

Rubutu da jerin kanka

Kowane kallo a rubuta kwanan wata da lokaci, na'ura, ƙarfin da aka yi amfani da shi, nutsuwar iska daga 1 zuwa 5, matakin rabuwa, launi, da zane mai alamar yamma. Mafi amfani a ciki shi ne mafi ƙarancin ƙarfin da ya raba tagwayen, don shi ke nuna ci gaban ido daga wata zuwa wata.

Bayan ka gama sanannun, shiga Stelle Doppie ka tace jerin da ya dace da na'urarka. Ga mai milimita 80, fara da babba da bai wuce mataki na 6.5 ba, ƙarami da bai wuce na 9 ba, tazara tsakanin 3″ da 60″, a ƙungiyar taurari guda da ke sama a wannan watan. Jera su daga mai faɗi zuwa matsattse, ka bi su a haka. In uku a jere suka ƙi rabuwa, ka kai iyakar wannan daren, sai ka sa musu alama ka sake gwada su ranar da taurari suka daina ƙyaftawa.